Na Ci Tuwon Alhaji Shekara Goma Sha Huɗu

Agege, Ikko.
Ranar Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Rakiya, wadda ni kaɗai nake ce wa Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da sanyin zuciya, Ya tsare ki a tafiyar da za ki yi jibi, Ya kai ki Kaduna lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga Baba yana rubuto wasiƙa kamar wanda ke Makka. To ya zan yi? Yau kwana ashirin da uku rabon da ki haɗa ido da ni. Kina durƙusawa ki gaishe ni da safe, ban ce kin daina ba, amma irin gaisuwar da ake yi wa baƙo ce. Ni kuma in na buɗe baki sai faɗa ya fito, ko da alheri na nufa. Shi ya sa na zauna a shago, yanzu da ciniki ya lafa, na ce bari in rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Kafin komai, duba cikin ambulan ɗin nan. Takardar shaidarki ta makarantar gwajin jini tana ciki, ta ainihi, wadda asibitin Kaduna suka ce sai kin je da ita za su ɗauke ki aiki. Ba ɓata ta yi ba. Ni na zare ta daga jakarki na sa a ƙasan akwatina, ina kallo kuna birkice ɗaki ke da Mamanki ban ce uffan ba. Na san kin sani, da ba ki sani ba da kin tambaye ni. Na ji kin ce za ki tafi ko babu ita, ki je ki roƙe su. Ba sai kin roƙi kowa ba. Ga ta nan, ban sa sharaɗi ba. Abin da ya rage shi ne in gaya miki yadda aka yi mai furfura ya aikata wannan abin kunya. Ba hujja nake kawowa ba, so nake ki san ramukan da na faɗa ki kewaye su.

Na shigo Ikko a saman tirelar shanu, ina ɗan shekara ashirin, daga ƙauyenmu na ƙasar Rano, da riga biyu da sunan mutum ɗaya a bakina: Alhaji Tanimu mai goro. Ba za ki tuna shi ba, kina ƙarama ya rasu. Fatoma ne, irin masu gidan nan da fataken goro ke sauka wurinsu, su ba su ɗaki da abinci, su nemo musu kaya, su ɗaura su loda. Ranar da na iso ya dube ni ya ce in je in yi wanka in ci tuwo, aiki ba ya gudu. Washegari aka zaunar da ni gaban tabarma ana koya mini zaɓen goro. Ka ware fari da ja, ka tsince wanda sankara ta shiga tun bai ɓata saura ba, sannan ka shimfiɗa ganye ka ɗaure huhu yadda zai kai Sakkwato bai sha iska ba. Hannuna ya faɗa da aikin. Cikin shekara biyu, in aka ce huhun Garba ne, fatake ba sa ma kwancewa su duba.

Albashi fa? Babu. Ba a ma maganarsa, abin kunya ne. Tsarin gidan shi ne duk abin da kake so ka faɗa. Takalmi ya tsinke, ka faɗa. Zazzaɓi ya kama ka, Alhaji zai aika kemis. Salla ta zo, an ɗinka mana shadda iri ɗaya mu tara, mu jeru bayansa zuwa idi. Ki ji wannan da kyau, Kulu, Alhaji Tanimu ba mugu ba ne. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni abin da na roƙa ba. Allah Ya jiƙansa. Ni kuwa a lokacin gani nake na fi kowa sa'a a Agege.

Ina da wani aboki Isufu, mutumin Tawa ta Nijar, mai tura kurar ruwa. A rumfar mai shayi yake kwana kan benci, ƙafarsa duk faso. Tausayinsa nake ji har cikin raina. Wata rana na ce ya zo in kai shi wurin Alhaji ya huta da wannan wahala. Ya yi dariya ya ce a'a, shi kurarsa ba ta tambayarsa ina za shi. Na ɗauka zancen wanda bai san daɗi ba ne. Amma duk shekara da an yi ruwan farko sai Isufu ya jingine kura wurin ɗan'uwansa, ya hau mota ya tafi gida noma, ya ga tsohuwarsa, sai bayan girbi ya dawo. Sallama yake yi wa mutane don ladabi, ba izini yake nema ba.

Ni kuwa da aka aiko cewa Inna, mahaifiyata, tana kwance jiki ya yi tsanani, kakar goro ce, motoci uku suna jiran lodi. Na je na durƙusa na faɗa wa Alhaji. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya ce in bari a sallami motocin nan, kwana huɗu kawai, shi da kansa zai sa ni a gaban mota ya haɗa ni da tsaraba. Bai hana ni ba fa. Amma shekara goma ina aiki, ko kuɗin motar Oshodi da ke nan cikin Ikko babu a aljihuna. Don haka kwana huɗun nan umarni ne a wurina, ko da shi shawara ya nufa. Na zauna na ɗaura huhu kwana huɗu. Na isa gida da buhun shinkafa da turmin atamfa, na tarar an yi sadakar uku. Ƙanwata aka ba atamfar.

Kin ce asibitin za su ba ki ɗaki a bayan ginin, har da abincin rana. Madalla, ki karɓa ki gode. Amma ki tabbata albashinki hannunki yake shiga, kar wani ya ce zai ajiye miki, ko da ogan waliyyi ne. Kuma kullum ki bar kuɗin motar gida a gefe, kar ki taɓa shi ko da gari za ki jiƙa ki sha. In kin samu hali bayan 'yan watanni, ki kama ɗakinki a cikin gari ko ƙarami ne. In mai ba ki aiki shi ne mai ba ki wurin kwana, ranar da kuka saɓa abu biyu za ki rasa lokaci ɗaya. Aikinki kuma gwajin jini ne, wata rana wani zai so ki rubuta abin da na'ura ba ta nuna ba. Ranar za ki san amfanin ɗakin kanki.

Yanzu bari in gaya miki dalilin Kulu. Kin sha tambayata tun kina ƙarama, in ce miki sunan wasa ne. Ba na wasa ba ne. Sunan Inna Hauwa'u, kuma kin san Kulu ake ce wa Hauwa'u. A bakin kabarinta na yi alkawari in Allah Ya ba ni 'ya mace sunanta zan mayar. Shekara biyu bayan nan aka haife ki, kina bin yayanki Sani, a ɗakin da Alhaji ya ba mu ni da Mamanki, don auren ma shi ya yi mini. Da aka miƙo mini ke na yi miki kiran salla a kunne, na raɗa miki Hauwa'u. Ana jibi suna sai ga rago an ɗaure a ƙofar ɗakinmu, fari ƙato, irin wanda ake taruwa kallo. Alhaji ne ya aiko. Na je godiya da niyyar in faɗa masa sunan, na tarar yana da baƙi, na ce gobe.

Ranar suna da safe ƙofar gida ta cika, ana raba goro, liman ya waiwayo ya tambayi sunan yarinya. Kafin in matsa, Alhaji ya sunkuya ya ce masa, "Rakiya. Sunan tsohuwata aka mayar." Ya juyo yana yi mini murmushi. Shi a ganinsa karrama ni ya yi, jama'a ma haka suka ɗauka, ana ta cewa Garba ka gode wa Allah. Ina tsaye taku uku daga liman. Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa. Na dubi ragon, na dubi ɗakin da za mu koma mu kwana, na dubi rigar da ke jikina, duk nasa ne. Maroƙi ya ɗaga murya, na shafa fatiha tare da kowa.

Rakiya suna ne mai kyau, kar ki ji na ɓata miki shi. Abin da nake so ki kula da shi kyauta ce. Ba kowace ce ke zuwa da igiya ba, amma babba, wadda ba za ki iya rama irinta ba, ki tsaya ki tambayi kanki me za ki kasa faɗa bayan kin karɓa. In oga ko wani mai hali ya ce zai saya miki waya ko ya biya miki haya, ki yi godiya ki ce kin wadatu. Da na sayi ɗan ramammen rago da gumina, da yau Hauwa'u ke kan takardar da ke hannunki.

Mamanki ba ta ce komai ba sai bayan ta yi arba'in. Tana shafa miki mai ta ce, ashe har 'ya'yan ma na Alhaji ne. Maganar nan ce ta fitar da ni daga gidan, ko da yake sai da na shekara biyu ina tara ƙarfin hali. Na je na ce masa ina so in gwada tsayawa da ƙafata. Ya tambaye ni me aka yi mini. Na ce ba komai. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma har ya rasu bai gane ba. Duk da haka ya ba ni huhu guda na fara da shi. Muka kama ɗaki a gidan wata Bayarabiya, Iya Sikira, ɗakin da in ruwa ya sauko sai mun tara kwanuka. Na kafa tebur a bakin layin dogo ina sayar da goro ɗai-ɗai da alewa da ashana.

Kin san abin da na fara yi da cinikin satin farko? Kar ki yi dariya. Shekara goma sha huɗu ina Ikko ban taɓa ganin teku ba. Wata Lahadi na rufe tebur, ban gaya wa kowa ba, na hau motar danfo, na sauya wata, na sauya wata, har bakin ruwa. Na cire takalmi na tsaya ruwa yana dukan ƙafata, na sayi gasasshiyar masara na ci a tsaye. Ba abin da na je yi. Kawai daɗi nake ji ba mai tambayata ina na je. Na dawo wandona sharkaf, Mamanki ta ce ko aljanun ruwa ne suka kira ni. Ke ma in kin karɓi albashin farko ki yi wani abu irin wannan, na halal, marar amfani, don kanki. Kar ki aiko mana da shi duka, ba mu roƙa ba.

Sai dai daɗin nan ya hau mini kai. Na ɗauka tunda ba mai ciyar da ni, to ba mai faɗa mini. Na daina zuwa taron 'yan tebur da ake yi duk Juma'a bayan an sauko masallaci, na ce na gaji da zama gaban manya. Ana suna ko jana'iza, in ciniki na tafiya sai in aika da gaisuwa. Wani dattijo ya yi mini magana, na ce masa da ni da shi kowa tebur ɗaya gare shi. Kai, na yi rashin kunya a shekarun nan! To wata safiya masu rusau suka zo share bakin layin dogo. Na iso na tarar kowa ya kwashe kayansa tun jiya, layin wayam, teburina kaɗai ya rage. Ashe an sanar a taron Juma'a. Ba wanda ya ɓoye mini da gangan, kawai ba ni da wanda nake zama da shi balle ya tuna da ni. Ina kallo aka jefa teburin cikin mota. Dattijon nan da na yi wa rashin kunya shi ya ba ni gefen rumfarsa wata shida.

Saboda haka kar ki ji na ce ki tsaya da ƙafarki ki ɗauka cewa na yi ki tsaya ke kaɗai. A Kaduna za su yi dariyar Hausarki, su ce 'yar Ikko, kina magana kina sako "oya" da "abi". Ki taya su dariyar. Ki gaida maƙwabta, ki je suna, ki je gaisuwar mutuwa, ki leƙa gidan gwaggonki a Tudun Wada ko sau ɗaya a wata. Bambancin kawai, yanzu don kin ga dama za ki je, ba don tuwonki yana hannunsu ba. Zumuncin da aka yi a haka ya fi daɗi, ni na ɗanɗana duka biyun.

Saura wanda ya fi yi mini nauyi, kuma kin ga wani sashinsa da idonki. Lokacin da rusau ya kwashe ni, Mamanki ce ta riƙe gidan. Iya Sikira ta ba ta wuri a ƙofar gida, ta sayi tanda ta fara suyar masa. Kin tuna layin da ake yi da safe, Hausawa da Yarabawa da Ibo, masu okada suna ta "Maman Sani, ƙara miya". Shekara tara tana wannan. A ciki ta sa kanta islamiyya, ta yi muku kayan makaranta, ta koyi Yarabanci fiye da ni. Ni kuma Allah Ya buɗa na samu wannan shagon. Wata rana ƙaninta zai yi aure a Zariya, ta zo ta ce ranar Laraba za ta tafi in na yarda. Na ce bari in ga yadda ciniki zai yi. Ta ce ba komai, tana da kuɗin mota, izini kawai take nema. Na ba ta izinin, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Ta tafi ta dawo ina nan ina juya ta, wai tana da kuɗin mota.

Bayan wata ɗaya na ce a daina masa. Na ce hayaƙi yana ɓata mata ido. Na ce ba girman mai shago ba ne matarsa tana zaune a titi. Har maganar addini na kawo, wadda shekara tara ban tuna da ita ba sai ranar. Na ce duk abin da take so ta faɗa. Kin ji kalmar? Ni da na faɗe ta ko a jikina. Ta yi kuka, Iya Sikira ta zo ta yi mini faɗa da Yarabanci har da tafa hannu, ban sauya ba. Na ba da tandar ga wata 'yar'uwarmu a Mile 12. Tun daga ranar ko katin waya Mamanki take so, sai ta tsaya bakin ƙofa ta jira in gama cin abinci. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, tsayuwar nan tata daɗi take yi mini.

Da kika zo da takardar ɗaukar aiki kina murna, abin da ya tsaya mini a wuya ranar Zariya shi ya sake tsayawa. Na ce Kaduna da nisa, na ce 'ya mace, na ce hanya ba lafiya. Ta hanya kam gaskiya ce, ina tsoronta har yanzu. Amma ko a nan Ikeja kusa da mu ne aikin da na samo wani dalili. So nake ki zauna a shago kusa da ni, in kina son abu ki faɗa. Har na ce miki ni na biya makarantar, kuma in kika tafi kar ki sake cin abincin gidana. Na ga yadda kika ajiye cokali. Kika dube ni cikin ladabi kika ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan je." Na ji haushi ƙwarai, kuma na san rabin haushin na ganin kin yi abin da na kasa ne.

Shekaranjiya bayan azahar na koma gida cin abinci. Mamanki ta ajiye kwano ta ƙi tashi. Shekara kusan talatin muna tare ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Baban Sani, ka fito da takardar yarinyar nan. Ka zama Alhaji Tanimu, sai dai shi ya fi ka kyauta."

Na ajiye loma. Na so in yi faɗa. Can na ce mata to, in tanda ce gobe zan sayo sabuwa ta koma sana'arta. Ta yi ɗan murmushi ta ce gwiwoyinta ba za su iya zaman murhu ba yanzu, kuma masu sayen sun koma wurin wata tun tuni. Ta ce, "Nawa ya wuce. Na Rakiya ne bai wuce ba." Ta ɗauki kwanon wanke hannu ta fita. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Shekara goma sha ɗaya na hana ta abinta, kuma yau ko shagon na sayar ba zan iya mayar mata da shi ba.

Wata rana Allah zai ɗaga ki, ki samu na ƙarƙashinki, ko mai shara, ko mai taya ki aikin gida, ko 'ya'yanki. Ki ba mutum haƙƙinsa a hannunsa ya je ya yi abin da ya ga dama, ko da a ganinki shirme ne. In kika ji daɗi don wani yana tsaye yana jiranki, ki yi a'uziyya, na san daɗin nan, ba na Allah ba ne. In kuma maganar aure ta zo, ki faɗa wa mutumin tun farko, a gaban manya, cewa aikinki naki ne, kar ki bari sai an ɗaura. In ya ce ai duk abin da kike so ki faɗa zai yi miki, ki gaishe shi da kyau ki turo mini shi. Ni na san amsar da zan ba shi.

Maganar abinci da na yi na janye ta. Tun ranar na so janyewa, girman kai ya hana. Gidan nan gidanki ne, tukunyarsa taki ce, ko kin aiko da wani abu ko ba ki aiko ba, ko kin kira ni ko ba ki kira ba. Makaranta kuma nauyi ne Allah Ya ɗora mini na sauke, ba jari na zuba ba. Ban ce ki yafe mini yau ba, kuma ba don ki yafe na ba ki takardar ba, taki ce dama.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma roƙo ne, kina iya cewa a'a. Yayanki ya ce motarku daga tashar Iddo za ta tashi jibi da hantsi, kuma shi zai kai ki. Ina so in bi ku, in riƙe miki jaka, in ga kujerar da za ki zauna, in ce wa direba ya bi a hankali. In kin yarda ki faɗa wa Mamanki, ba sai kin zo da kanki ba. In kuma kin fi so ki tafi ba tare da ni ba, zan buɗe shago kamar kullum, ba zan riƙe ki a zuciya ba, kuma addu'ar da zan yi a tasha ita zan yi a nan.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ku lafiya. Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya sa albarka a hannunki, Ya ciyar da ke daga guminki. Kar Ya sa abincinki a hannun wanda zai rufe miki baki, ko da ni ne. Ki riƙe salla. Ki gaida gwaggonki da mutanen gidanta. Na sa miki albarka duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba

Na dai kai farar rigata wurin mai guga, ya ce gobe da yamma za ta fito.